Littafin Bashi a Ƙofar Kamfani

Shekara goma sha ɗaya ina kafa tukunya
a gindin darbejiyar nan, daura da get,
Sharaɗa, layin kamfanin sabulu.
Ƙarfe ɗaya, da jiniya ta yi kuka,
sai su ɓarko kamar an fasa madatsar ruwa,
hannu fari fat, ido ja,
kowa da kwanonsa, kowa da tsiyarsa:
"Tasalla, ƙara mai."
"Tasalla, yajin nan na jiya ne, kar ki musa."
Mudu tara nake dafawa,
ko ƙanzo ban taɓa komawa gida da shi ba.

Yau mudu biyu ne,
kuma har la'asar ina kore wa garau-garau ƙuda.

An ce daga kwantena aka sauke ta
wata Laraba da dare.
Ita ke yanka, ita ke naɗewa, ita ke ƙirga,
ta jera katan dubu ba ta ce wash ba.
Yara uku ke tsaye a kanta suna latsa gilashi,
su ma da kularsu suke zuwa daga gida.
Na ce wa maigadi, "Ita me take ci?"
Ya yi dariya ya ce, "Wuta."
Na ce to, wannan kam babu a tukunyata.

Ga littafin. Bangonsa ya sha manja.
Shafi na huɗu, Jazuli mai liƙe katan,
dubu biyu da ɗari bakwai.
Shekaranjiya na hango shi a Kabuga
da cajar waya rataye a wuya yana bin motoci.
Muka haɗa ido, ya tsallaka titi.
Ɗan nan da ke ce mini Inna!
Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Jazuli,
gaisuwar da ka tafi mini da ita.

Shafi na tara, Malam Tanimu.
Shi ba ya cin bashi, lissafin adashi ne a nan:
mutum talatin da biyu, zubi duk ƙarshen wata.
Da hanci yake gane haɗin sabulu ya yi ko bai yi ba.
Shekara ashirin da shida.
Ranar sallama aka ba shi ambulan
da katan ɗaya na sabulu,
naɗin ita wadda ta gaje shi.
Adashin ya watse saura mutum bakwai ba su ɗauka ba,
yanzu biyu cikinsu ba sa ga maciji.

Lokacin da mahaifiyar Sagir ta rasu
kwansu da kwarkwata suka tafi Ɗorayi,
tabarma ta yi kaɗan, wasu a kan takalmansu suka zauna.
Watan jiya shi Sagir ɗin ya kwanta a Murtala
kwana goma sha biyu.
A bakin mai shayi na ji, bayan an sallame shi.

Ɗana Nafi'u ya ce, "Inna, ci gaba ne."
Ban musa ba.
Sabulun ya fi da kyau, naɗin ba karkace,
har naira hamsin ya sauka, ni ma na saya.
Sai dai ina ta tunani ina cuɗa wanki:
wanda aka raba da albashi,
da me zai sayi arahar?

Jiya da magariba na ɗauki biro
zan soke sunayen, in yafe, in huta.
Hannuna ya ƙi.
In na soke Jazuli, ina kuma zan riƙa ganinsa?

Sai na buɗe sabon shafi,
na rubuta Na'ura a sama, na ja layi.
Har ladan ya kira isha ina riƙe da biron,
ban san nawa zan sa a gabanta ba.